Tsohuwar Bashe: A Gyara ko a Sayar?

1. Motar kasuwa

A ƙauyukan kudancin Nijar akwai wata irin mota da kowane yaro ya sani. Gabanta ɗan ɗaki ne na direba da mutum biyu. Bayanta akwati ne buɗe, da ƙarafa a sama inda ake shimfiɗa tamfol. Ana ce mata bashe. Sunan ya fito daga Faransanci, ma'anarsa wadda aka lulluɓe da tamfol. A Nijeriya kuma ana kiranta akori-kura.

Shekara da shekaru, yawancin bashe na kamfanin Peugeot ne. Da farko akwai 404, sannan 504 ta biyo bayanta. An fito da 504 a Faransa a 1968, mai akwatin kaya kuma a 1979. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Daga can motoci da kayan gyaransu suka riƙa shigowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekara ta 2000. Yanzu an daina. Toyota da ire-irenta sun cika hanyoyi. Duk da haka, ranar kasuwa akan ga tsohuwar 504 tana tafe a hankali cikin rairayi, buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna, kaji da awaki a tsakaninsu.

Duk mai irin wannan mota ya san wata rana inji zai tsaya. Ranar nan sai ya zaɓa: ya gyara ta, ko ya sayar da ita ga masu sayen tsoffin ƙarafa. Ga yadda wani mutum ya yi nasa zaɓin.

2. Mai Bashe

Mutumin yana zaune a wani ƙauye tsakanin Mayahi da Cadawa, cikin jihar Maraɗi. Mutanen garin ba su kiransa da sunan yanka. Babba da yaro, kowa Mai Bashe yake ce masa, domin motarsa ce kaɗai a garin.

Tun yana saurayi ya fara aikin karen mota. Ya ɗora kaya, ya sauke kaya, ya tura mota cikin rairayi, har ya koyi tuƙi. Bayan shekaru yana tuƙa motar wani, ya tara kuɗi ya sayi tasa. Ba sabuwa ya saya ba, ta riga ta ratsa hannun mutum biyu. Da ita ya ciyar da gidansa, da ita ya sa ƴaƴansa lakwal.

Aikinta a garin yana da yawa. Litinin da Juma'a takan kai ƴan kasuwa Maraɗi. Da kaka takan kwashi hatsi da wake da gujiya da aya. Idan aka ɗaura aure, ita ke kai amarya. Idan haihuwa ta yi wa mace wuya da tsakar dare, ƙofar Mai Bashe ake bugawa.

Wata Juma'a bayan an gama girbi, ya ɗauko buhunan aya da fasinjoji. Kafin su kai kwalta akwai wani wuri mai zurfin rairayi. Ya sa ƙaramar giya, inji yana ta kuka. Allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe da daina aiki. Can sai tururi ya turnuƙe daga gaba. Ƙarfin motar ya ragu. Aka ji ƙara daga cikin inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sai ta yi shiru.

Fasinjoji suka sauka. Wani ya ce, "Injin ya buga." Mai Bashe bai tanka ba. Aka nemo shanu biyu suka ja ta zuwa bakin kwalta. Da yamma wata babbar mota ta ɗaure ta da igiyar ƙarfe, ta ja ta har Maraɗi.

3. Abin da ke cikin inji

Mai garajin da aka kai ta tsoho ne. Gashinsa ya yi fari, tafin hannunsa ya yi baƙi. Ya fi shekara arba'in yana kwance injin Peugeot yana ɗaurawa. Bayan sun gaisa, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya duba. Man ya koma fari-fari kamar kunu.

Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Ruwa ya shiga mai. Kuma ba yau ya fara ba."

Yaran garaji suka kwance injin, suka jera sassansa a kan tabarma. Tsohon ya riƙa nuna wa Mai Bashe ɗaya bayan ɗaya.

Injin 504 yana da ganga ta baƙin ƙarfe mai ramuka huɗu. Cikin kowane rami akwai fistan, yana hawa yana sauka. Fistan ya sauka, ya shaƙo iska da fetur. Ya hau, ya matse su. Buji ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Fistan huɗun suna juya wata babbar sandar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke ƙasan ganga. Juyin sandar nan ne ke bi ta cikin giya ya isa ga tayoyin baya.

Inda wuta ke ci dole a yi zafi. Saboda haka ruwa yana zagaya ramukan yana sanyaya su. Inda ƙarfe ke gugar ƙarfe kuma dole a sa mai. Ruwa da hanyarsa, mai da hanyarsa. Abin da ke raba su wani siririn faifai ne da aka matse tsakanin ganga da murfinta, wato kan inji.

Kan injin 504 na alminiyom ne, irin ƙarfen da ake tukunya da shi. Idan zafi ya yi masa yawa yakan lanƙwashe. Tsohon ya aza miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a kansa, ya ɗaga wajen haske. Haske ya ratso ta tsakiya.

Ya ce, "Ga mafarin ciwon. Faifan ya ƙone, ruwa yana ɗiga cikin mai kaɗan-kaɗan. Mai da ruwa ba ya santsi. Ƴan ƙarafan da sandar ke kwance a kansu sun cinye, sandar ta karce. Ranar Juma'a robar ruwa ta fashe, ta ƙarasa aikin."

Mai Bashe ya ce, "To, Baba, ta mutu ke nan?"

Tsohon ya ce, "A'a, da saura. Wannan inji yana da wani alheri. Fistan ba ya gugar gangar kanta. Cikin kowane rami akwai bututun ƙarfe da ake zarewa. Muna ce masa shemis, wato riga. Idan riguna sun cinye, a zare su a sa sababbi, da sababbin fistan da zobbansu. Sandar a kai ta wurin masu injin wanke ƙarfe su goge ta. Kan inji a daidaita shi. Sharaɗi ɗaya ne: kada gangar ta kasance ta tsage."

4. Hanya uku

Suka zauna a inuwar bedi. Tsohon ya ce hanya uku ce a gaban Mai Bashe.

Ta farko, a gyara injin da ke cikinta. Kayan gyara da kuɗin aiki za su kai jaka 300. A Nijar jaka ɗaya ita ce sefa 1000, wato dala 200. Tsohon ya ce da can kayan Peugeot araha ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya yi tsada. Da aka daina ƙera motar kuma, na ainihi suka yi wuya, na jabu suka cika kasuwa. Sai wanda ya san kaya yake iya rabe su.

Ta biyu, a sayo wani tsohon inji da aka ciro daga wata mota, a ɗora mata. Wani ɗan kasuwa yana da guda, yana neman jaka 350. Aikin ba zai wuce kwana biyu ba. Amma injin yana ajiye a ƙasa, ba a ji kukansa ba, ba a ga hayaƙinsa ba. Tsohon ya ce, "Hayaƙi shi ke faɗin gaskiyar inji. Fari, ruwa yake sha. Shuɗi, mai yake ƙonawa. Baƙi, fetur ya yi masa yawa. Wanda ba ka gani yana aiki ba, cinikin biri a sama ne."

Ta uku, a sayar da ita yadda take. Tun ba su tashi ba, wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya iso. Ya zagaya motar sau biyu, ya shuri taya, ya ce ya saya jaka 200, kuɗi hannu.

Mai Bashe ya ce a ba shi kwana uku. Ya shiga motar haya ya sauka a Cadawa. Daga nan ya hau amalanke zuwa gida. Rabonsa da shiga garinsu a kan amalanke ya fi shekara goma.

5. Shawarar gida

Bayan sallar lisha aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wansa ya zo, matarsa ta zauna daga gefe.

Wan ya fara magana. Ya ce, "Ƙanena, ka rabu da ita. Bara birki, bana inji, baɗi kuma Allah kaɗai ya sani. Ka karɓi jaka 200, ka sayi amalanke da sa. Sa ba ya shan fetur, ba ya neman kayan Faransa. Idan ya tsufa ma, mahauta za su saye shi."

Mai Bashe ya ce, "Yaya, gaskiya ka faɗa. Amma watanni biyar da suka wuce na saya mata taya biyu da batir. In na sayar, kuɗin nan sun tafi a banza."

Wan ya ce, "Sun riga sun tafi. Ko ka gyara, ko ka sayar, ba za su dawo aljihunka ba. Kada ka bi kuɗin jiya da na gobe."

Matar ta ce, "Malam, ni magana ɗaya gare ni. Motar taka ce, ka yi yadda ka ga ya dace. Amma kada a taɓa rumbu. Hatsin da ke ciki da ƙyar zai kai mu damina. Kada kuma a jinginar da gona."

Da safe maigari ya aiko a kira shi. Ya je ya faɗi ya yi gaisuwa. Maigari ya ce ya ji abin da ya faru, ya jajanta masa. Ya tuna masa matan da motar ta kai likita cikin dare. Ya ce gari ba zai ji daɗi ba idan babu ita.

Mai Bashe ya ce, "Ranka ya daɗe, na san haka. Ni ma ba na son rabuwa da ita. Sai dai mai garaji ba ya karɓar son zuciya, kuɗi yake karɓa."

Maigari ya yi dariya. Ya ce zai yi magana da ƴan kasuwar aya, tun da su suka fi kowa morar motar.

6. Lissafi

Mai Bashe yana da ƴa a ajin ƙarshe na firamare. Da ta taso daga lakwal ya kira ta, ya ce ta ɗauko littafinta da alƙalami.

Ya ce, "Rubuta. Idan an cire kuɗin fetur da na karen mota da na tasha, sati mai kyau da sati maras kyau in an haɗa su, motar tana kawo jaka 20 a sati."

Ta rubuta.

"Cire jaka 5 na ƙananan gyare-gyare: faci, buji, baƙin mai."

Ta ce, "Saura 15, Baba."

"Gyaran jaka 300 ne. Sati nawa ke nan?"

Ta raba, ta ce, "Sati 20."

Ya yi murmushi. Yarinyar ta dubi takardar, ta ce, "Amma Baba, cikin kuɗin nan muke yin cefane."

Ya yi shiru, sannan ya ce ta cire jaka 10 na gida. Saura jaka 5 a sati. Ta sake rabawa. Ya zama sati 60, wato shekara ɗaya da wajen wata biyu. Murmushin ya ragu, amma lissafin ya fi na farko gaskiya.

Sai ya ce ta buɗe wani shafi. Idan ya sayar, zai riƙe jaka 200. Wata bashe mai ɗan ƙarfi ta fi jaka 2000, ba zai iya ba. Amalanke zai iya, amma amalanke ya fi goma a garin, kuma sa ba ya kai kaya Maraɗi ya dawo a rana ɗaya. Kuɗin cefanen da motar ke kawowa za su ragu ƙwarai.

Yarinyar ta ce, "Baba, mai sayen ƙarafan nan, idan ka ƙi sayar masa bana, ba zai saya baɗi ba?"

Ya ce, "Zai saya. Nauyi yake saye, nauyinta kuwa ba ya raguwa."

Nan ya ga abin da bai lura da shi ba tun farko. Jaka 200 ɗin nan ba su gudu. Ko bayan shekara biyar, ƙarfen yana nan da kuɗinsa. Abin da zai iya asara shi ne jaka 300 na gyara, idan ya zuba su cikin motar da ba za ta kai sati 60 tana aiki ba. Ashe tambayar ita ce: in an ba ta sabon inji, sauran jikinta zai ɗauke shi shekara nawa?

7. Ƙarƙashin mota

Kwana uku suka cika, ya koma Maraɗi. Ya ce wa tsohon, "Baba, kafin mu yi maganar inji, ina son a duba mini sauran jikinta. Idan ganga ta tsage, ko shasi ya ruɓe, na sayar yau. Idan suna da lafiya, a gyara."

Tsohon ya ce, "Madalla. Da yawa sai sun biya kuɗin inji suke tuna wannan."

Aka tura motar kan rami. Tsohon ya shiga da fitila da ƙaramar guduma. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, dogayen ƙarafan da ke ɗauke da akwati da kaya. Ya riƙa bugawa taƙi-taƙi yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi ƙara tas. Wanda tsatsa ta ci yakan yi ƙara dum, kamar an bugi tsohuwar ƙwarya. Ya ce motocin da suka zauna bakin teku, kamar Kwatano ko Legas, iskar gishiri takan ci su. Wannan a ƙasar rairayi ta tsufa, tsatsa ba ta kama ta ba. Abin da ke karya motocin nan shi ne lodi fiye da ƙima. Ya haska inda ƙarafan da ke ɗaukar nauyi suka kama shasi, ya duba sosai. Babu tsaga.

Ya buɗe akwatin giya, ya tari man a tafin hannu, ya murza. Babu garin ƙarfe. Ya juya tayar baya yana sauraren gatarin da ke tsakaninsu. Akwai ɗan kuka, amma ya ce irin na tsufa ne, zai kai shekaru.

Saura ganga. Yara suka wanke ta da kananzir, suka goge ta ta bushe. Tsohon ya niƙa alli ya barbaɗa a kanta. Idan akwai tsaga, ko da ido ba ya ganinta, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya jiƙa allin, a ga layi. Suka zauna suna jira. Mai Bashe bai iya shan shayin da aka miƙo masa ba. Bayan wani lokaci tsohon ya tashi ya duba kowane gefe. Allin yana nan fari fat.

Ya ce, "Malam, da tsohuwar zuma ake magani. Idan ka kula da ruwa da mai, injin nan zai yi maka shekara huɗu ko biyar, in Allah ya yarda. Ban ce maka ta zama sabuwa ba."

A gefen garajin akwai wata 504, ƴar'uwar tasa. Fentinta ya fi na tasa kyau, injinta ma yana tashi. Amma shasinta ya karye a tsakiya, an yi masa walda sau uku, ya sake buɗewa. Tsohon ya ce mai ita ya so a sake liƙawa, shi kuwa ya ƙi. Motar da ke ɗaukar mutum ashirin ba a yi mata wasa da ƙashin baya. Ranar nan mai sayen ƙarafa ya tafi da ita maimakon ta Mai Bashe.

8. Inda matacciyar mota ke zuwa

Motar da aka kai kasuwar ƙarafa ba a zubar da ita. Kusan kome nata yana da mai so. Sassan da ke da sauran rai, kamar giya da fitilu da ƙofofi, akan jera su a rumfa, su shiga jikin wasu motoci. Gatarin baya da tayoyinsa yakan zama ƙafar amalanke. Ƙarafan da ke ɗaukar nauyi suna da tauri da kyau, maƙera sukan ƙera gatari da wuƙa da hauya da su. Kan inji da sauran alminiyom akan narke su, a zuba cikin rairayin da aka yi wa siffa, su fito tukwane da ludaya. Wanda ya je kasuwar Katako a Yamai zai ga masu wannan aiki. Tsohuwar taya takan zama takalmi, robar cikinta kuma guga. Abin da ya rage akan auna shi a sikeli, a loda a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe.

Abu biyu ne ke son hattara. Cikin batir akwai darma da ruwa mai ƙuna, dukansu guba ne, yara kada su yi wasa da shi. Tsohon baƙin mai kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin gona.

9. Gyara

Mai Bashe ya koma gida neman kuɗi. Yana da wani sa da ya yi wata takwas yana kiwo, da niyyar gyara rufin ɗaki. Ya kai shi kasuwa, aka saya jaka 220. Ƴan kasuwar aya uku suka ba shi jaka 60, kafin alƙalami, a riƙa cirewa cikin kuɗin dakon kayansu. Matarsa ta ɗauki adashinta, ta ranta masa jaka 20 a gaban wansa, da sharaɗin ya biya kafin damina. Kuɗi suka cika. Ba a buɗe rumbu ba, ba a taɓa gona ba. Rufin ɗaki kuwa sai wata shekara.

Wan bai sake ra'ayinsa ba. Ya ce, "Allah ya sa ni ne ban gani daidai ba." Ya raka shi har bakin gari.

Aikin ya ci kwana goma sha biyu. Tsohon da kansa ya je sayen kayan gyara, yana juya kowane fistan a hannu kafin ya biya. Mai Bashe ya roƙi a sake duk robobin ruwa, a kuma gyara allurar zafi. Kuɗinta bai kai na buhun aya ɗaya ba.

Ranar da aka tayar da injin, tsohon ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi, sannan ya ba shi umarni. Kilomita 1000 na farko a tafi a hankali, rabin lodi, ba gudu. Daga nan a dawo a sake mai, a ƙara matse kan inji. Kowace safiya, tun inji yana da sanyi, a duba ruwa a duba mai. Ba a buɗe murfin ruwa inji yana da zafi, tururi yakan ƙone fuska. Lokacin hunturu, da iska ke ɗauke da ƙura, a riƙa kakkaɓe matatar iska, domin ƙura tana cin riguna kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Rabin lodi rabin kuɗi ne. Makonnin farko gidan ya ɗan matsu, fasinjoji kuma suna gunaguni wai motar ba ta sauri. Mai Bashe bai kula su ba.

Ya samo wani gwangwani, ya huda murfinsa, ya ba ƴarsa ajiya. Kowace Juma'a da dare, bayan an cire na bashi, yakan jefa abin da ya samu a ciki, ita kuma ta rubuta a littafi. Ya ce mata wata rana tsohon zai shiga rami da gudumarsa ya ji ƙara dum. Ranar nan ba za a gyara ba, za a kira mai sayen ƙarafa. Kuɗin ƙarfe da na gwangwani su ne za a fara neman wata motar da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'anar kalmomi

Karen mota: yaron da ke taimakon direba, yana koyon tuƙi.
Shasi: dogayen ƙarafan ƙarƙashin mota da ke ɗauke da jikinta.
Kafin alƙalami: kuɗin da ake bayarwa tun ba a yi aiki ba.
Jingina: ba da gona ko wani abu a riƙe har a biya bashi.
Cinikin biri a sama: sayen abin da ba a gani da kyau ba.

Tambayoyi

1. Wane aiki bashe take yi wa mutanen garin?
2. Me ya sa baƙin mai ya koma fari-fari?
3. Waɗanne hanyoyi uku mai garaji ya nuna wa Mai Bashe?
4. Me wan yake nufi da ya ce kada a bi kuɗin jiya da na gobe?
5. Me ya sa aka gyara mota ɗaya, aka sayar da ɗayar, alhali injin ta biyun yana tashi?
6. Da kai ne, ko ke ce, shawarar wa za a bi? Kawo dalili biyu.

Lissafi

1. Jaka 300 sefa nawa ce? Dala nawa ce?
2. Idan ana ajiye jaka 5 a sati, nawa za a tara cikin sati 52?
3. Da gidan yana cin jaka 9 a sati maimakon 10, sati nawa za a yi kafin kuɗin gyara su dawo?

Aiki

Ku je wurin maƙeri ko mai gyaran amalanke na garinku. Ku tambaye shi abubuwan da yake yi da ƙarafan tsohuwar mota. Ku rubuta biyar daga cikinsu da Hausa, sannan ku nemi sunayensu da Faransanci.